Gyambon da Likkafani Ke Rufewa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Yahaya. Mai girma wakilin uban ƙasa, ranka shi daɗe. Allah shi gafarta Malam, limaminmu Malam Abubakar Siddiƙ. Malama Ummukulthum ta ɗakin shan magani da abokan aikinta. Hakimai da masu unguwanni. 'Yan kwamitin lafiya da suka taso daga Bodinga, da na nan Shagari, da waɗanda suka sha ƙurar hanya daga Kajiji da Mandera. Iyayenmu mata da ke zaune can inuwar dogon yaro. Manya da yara, duk wanda na ambata da wanda ban ambata ba, ina gaishe ku gaisuwar ƙarami ga manyansa.

Sunana Zayyanu, daga Horo Birni. Albasa nake nomawa. Bokona bai wuce aji huɗu ba, don haka in harshena ya karkace, a yi mini afuwa. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan fili alhali akwai masu furfura da ba su yi magana ba, ina kuma godiya ga jama'a da suka ba ni kunnuwansu da rana tsaka. Ba labari mai daɗi na kawo ba. Wanda ke cin wani abu ya ajiye tukuna.

Ban da noma, ina cikin masu wankan gawa a garinmu. Aikin mahaifina ne, da ƙarfinsa ya ƙare na karɓa. Wata safiya a ƙarshen daminar bana, rana ba ta yi zafi ba, aka aiko cewa Malam Sodangi ya cika. Da yawanku kun san shi, mai sayar da irin albasa a kasuwar Bodinga, mutumin da ba ya auna maka iri bai ƙara maka ɗan wani abu a kai ba. Ɓarin jikinsa ya shanye tun kafin ruwa ya sauka, bakinsa ya kama, ya kwanta. Muka shiga ɗakin mu uku, ni da Malam Lawali, babbanmu a wannan aiki, da Abdulƙadir, babban ɗan mamacin. Ɗaki a share, ƙamshin turaren wuta ko'ina, katifa sabuwa, farin mayafi ba ko ɗigo. Fuskarsa tas. Na ce a raina, wannan bawan Allah ya sami jinya.

Sai muka juya shi.

Jama'a, a ƙasan ƙugunsa, inda ƙashi ke taɓa shimfiɗa, akwai rami. Ban ce ƙurji ba, rami na ce. Tafin hannuna ba zai rufe bakinsa ba, cikinsa kuma ya fi bakinsa faɗi, a can ƙasa ana hango farin ƙashi. Diddigensa biyu sun yi baƙi kamar an ɗora su a garwashi. Allon kafaɗarsa ya saɓule. Abdulƙadir yana riƙe da buta, butar ta kuɓuce masa. Mutum ne mai 'ya'ya manya, amma ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa yana cewa, “Yaushe? Yaushe wanga abu yaf faru? Kullum ina ɗakin ga.”

Gaskiya ya faɗa, kullum yana ɗakin. Shi ya sayi katifar. Shi ke ba shi kunu a baki. Amma tun da aka haife shi bai taɓa ganin bayan mahaifinsa tsirara ba sai wannan safiya. Inna Hauwa, uwargidan mamacin, ita ke gyara shi, tsohuwa ce, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta iya ɗaga shi, sai dai ta ja zane daga ƙarƙashinsa ta tura wani. In ta ji danshi, ta ɗauka gumi ne ko fitsari. In wari ya tashi, a ce warin ciwo ne, a ƙara turare. Mu kuma masu zuwa dubiya mu durƙusa daga bakin ƙofa, mu ce, “Malam, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi,” mu ga fuska, mu tashi. Na tuna in mutum ya matsa kusa, Malam Sodangi yakan kama masa gefen riga da hannunsa mai lafiya, ya yi ta ja, yana wani gurnani. Mukan ce, Allah sarki, Malam na sa mana albarka. Tun daga wannan safiya ban ƙara yarda albarka yake sa mana ba. Ina jin cewa yake, ku juya ni.

Malam Lawali ya cusa auduga, muka yi wanka, muka naɗe shi. A hanyar maƙabarta ya ce mini, “Zayyanu, wanga ba shi na na hwarko ba, kuma ba shi na na ƙarshe ba. Abin da mai wanka yag gani, likkafani ka ruhe shi. Kama bakinka.”

Wannan ita ce magana ta farko da na kawo gaban wannan taro. An koya mana, kuma koyarwa ce mai kyau, cewa mai wanka ba ya tona abin da ya gani a jikin mamaci. Ni ma a kan haka nake, ba zan so a yi hira da tsiraicina ba ranar da aka kwantar da ni. Amma ku duba yadda abin ya kasance. Mai jinya ba ya gani saboda kunya. Mai dubiya ba ya gani saboda mayafi. Wanda ya gani shi ne mai wanka, shi kuma an ɗaure masa baki. Sai kowane gida ya faɗa ramin da maƙwabcinsa ya faɗa, babu wanda ya ce masa ga rami. Na ɗauki wannan damuwa na je wurin Inna Hauwa tana cikin takaba, na yi magana daga bayan zana.  Ta ce, “Hwaɗi, ɗan nan. Shi ya riga ya tahi inda ba a jin kunyar kowa. In da an hwaɗa min, da ko da haƙorana na juya shi.” Abdulƙadir ma ya yarda. Da izininsu nake tsaye, ba da ƙarfin halina ba.

Magana ta biyu, mene ne wannan gyambo, kuma daga ina yake fitowa? Wasu sun ce sammu, wasu sun ce ciwon ne ke cin nama. Ni dai na tafi wurin Malama Ummukulthum, ga ta nan zaune, in na ɓata ta gyara mini. Ta ce jikin ɗan Adam duka, fata da tsoka da ƙashi, an gina shi da wasu ƙananan abubuwa masu rai da ido ba ya gani sai da madubin likita, ana ce musu ƙwayoyin halitta. Ta ce kowace ƙwaya tana jin in an danna ta, tana jin in an ja ta, tana jin nauyi. A jikinta akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa in an matsa ta, ta nan take sanin abin da ake ciki, ta kuma aika saƙo. Na ce, Malama, kamar yadda muke fasa bakin kwamin albasa da fartanya ruwa ya shiga ke nan? Ta yi dariya ta ce, kusan haka.

Da na koma gida na yi ta kallon abubuwa, sai na ga ashe mun daɗe da sanin wannan karatu, suna ne kawai ba mu sa masa ba. Ku dubi tafin hannunku, manoma. Wa ya gaya wa fatar hannu cewa damina ta zo? Babu kowa. Ƙotar fartanya ce ke danna ta ta saki, ta danna ta saki, sai fata ta ji, ta yi kanta. Ku bar noma wata biyu, kantar ta tafi, domin fata ta ji an daina. Wanda ya karye aka ɗaure masa ƙafa, ranar kwance ɗauri za ku ga ƙafar ta tsotse kamar sillen kara, ba don an hana ta abinci ba, kwano guda take ci da 'yar'uwarta, sai don an hana ta nauyi. Ashe nama yana son nauyi, amma nauyi mai zuwa ya tafi. Nauyin da ya zo ya zauna, shi ne ajalinsa. Malama ta ce in ƙashi ya danne tsoka a kan shimfiɗa bai ɗaga ba, ƙwayoyin nan sukan lotse, hanyar jini ta toshe, su fara mutuwa daga can ciki kusa da ƙashi, fata kuwa ita ce ta ƙarshen nunawa. Nan ma ba ta sha wahalar yi mini bayani ba. Duk wanda ya taɓa ajiye albasa a rudu ya san wadda ɓawonta ke ƙyalli, ka danna wuyanta yatsanka ya nutse.

Allah shi ba ku haƙuri, tun da na zauna ɗazu nake kallon wannan taro. Babu mutum ɗaya a kan bencin nan da bai gyara zama ba. Mai girma shugaba ya sauya ƙafa ban san sau nawa ba, kuma kujerarsa ce mai laushi a wurin nan. Ba ku yi shawara da kowa ba, ba ku ma sani kun yi ba. Naman jikinku ne ya ce, na matsu, kuka motsa. Haka mai barci ke juyi ba tare da ya farka ba. Rahama ce da muke cikinta tun daga haihuwa, ba mu taɓa yi wa Allah godiya a kanta ba. To, wanda jikinsa ya shanye, ko saƙon ba ya isa gare shi, ko ya isa ba shi da ikon amsawa. Naman yana kira, babu mai ji. Mu da ke tsaye a kansa, mu ne kunnuwan da suka rage masa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Wa ke cikinmu da bai san mikin jaki ba? In akumari ya zauna wuri guda a bayan jaki, mun san abin da zai biyo baya. Shi ya sa muke sauke mangala a hanya, mu gyara tsumma, mu shafa bayan dabba mu ji ko ya yi zafi. Mun san wannan ga jaki. Ga uban da ya haife mu kuwa sai mu ce, a bar shi ya huta, kada a dame shi, kada a taɓa shi. Ba ƙiyayya ba ce ta haƙa ramin nan na bayan Malam Sodangi. Ladabi ne. Girmamawa ce. Kunyar da aka raine mu a kanta, muke alfahari da ita, ita ce ta tsaya a bakin ƙofa ta hana mu shiga.

Ban ce gyambo ne ya kashe shi ba. Kwana ya ƙare, kuma rai na Allah ne. Amma zazzaɓin da ya yi ta fama da shi a kwanakinsa na ƙarshe, Malama ta ce irin wannan rauni yana kawo shi in ya ruɓe ya shiga jini. Wahalar da ya sha kuwa shi kaɗai, baki a kulle, ba na jin akwai wanda zai ce dole ce.

Magana ta uku ita ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta kawo ni nan. A Mandera yanzu haka, muna zaune a nan, akwai wani dattijo kwance rigingine. Ba zan kama sunansa ba, kun san dalili, mahaifin mai ɗakina ne. Babur ya kayar da shi a hanyar Kajiji yana ɗauke da buhun albasa, bayansa ya bugu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. An yi masa abin da za a iya a asibiti, an ce ya koma gida a ci gaba da kula. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, 'ya'yansa duka mata ne, kuma ba zai yarda su yaye masa zane ba. Matarsa, Inna Rabi, ba ta iya ɗaga shi. Shekaranjiya ta leƙa da kyar, ta ga wani tabo a daidai wurin da na gani a jikin Malam Sodangi. Bai fashe ba tukuna. Ya fi sauran fatar duhu, da zafi, da tauri kamar an sa dutse a ƙarƙashi. Ta gaya wa ɗiyarta, ɗiyarta ta gaya mini tana kuka. Malama ta ce a fatarmu baƙa haka yake farawa, kuma wanda ya gan shi a wannan mataki kada ya ce sai gobe.

Na hau keke na tafi. Ni da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ni da nake cire takalmi tun daga bakin zaure, na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na ce, Baba, a yi mini izini in shigo in gyara maka kwanciya. Hankalinsa garau yake, bakinsa kuma kun san shi. Ya ce, “Wa ad da magana? Zayyanu? Kai yaro, ɗiyata nib ba ka, ban ba ka bayana ba. Koma gonarka.” Mutanen da ke zaure suka yi dariya. Ni ma na yi, don in rufe abin da ke cikina. Na koma wurin ƙanensa, Baba Tasi'u, shi ma tsoho ne mai ciwon gwiwa, na yi masa bayanin duk da na yi muku. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Maganarka ta shiga kunnena. Amma suruki shi kama tsiraicin suruki? Mi mutanen gari ka cewa? In Liman ya hwaɗi gaban jama'a cewa ba abin kunya na ba, ni da kaina za ni kai ka ɗakin.”

To, Allah shi gafarta Malam, ga jama'a, ga ka. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa ba. Tambaya nake yi. Jikin da ya halatta in wanke shi ranar da rai ya fita, ya haramta in juya shi tun rai na ciki? Domin in aka ci gaba a haka, ni ɗin dai za a aika wa. Ni zan shiga ɗakin nan da buta da auduga, babu mai hana ni, shi ma ba zai kore ni ba. Wannan shigar ce nake gudu.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ina roƙon limamai su faɗa a kan mumbari cewa juya mai jinya ibada ce, a yi shi da sutura, a rufe abin da ya kamata a rufe, namiji ga namiji, mace ga mace in da hali, in babu hali a yi da wanda ke akwai. Ina roƙon masu unguwanni, duk gidan da aka san akwai wanda ba ya iya juyi da kansa, a sami maza biyu masu ƙarfi daga maƙwabta su riƙa shiga. Malama ta ce kada a bar mutum a gefe guda fiye da kamar tsakanin Azahar da La'asar, dare da rana. A kwantar da shi dama, a mayar hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage diddige kada ya taɓa shimfiɗa, a ɗaga shi ɗagawa ba a ja shi a kan tabarma ba, a tsane danshi. A riƙa lanƙwasa masa ƙafa da hannu a miƙe, domin gaɓoɓi su san ba a manta da su ba. A duba bayansa kullum da hasken rana, in an ga tabo a garzaya ɗakin shan magani. Ina roƙon masu zuwa dubiya, bayan “Allah shi ƙara sauƙi,” mu ƙara tambaya ɗaya: yaushe aka juya shi? Ina kuma roƙon 'yan'uwana masu wanka, mu riƙe sirrin mamaci, kada mu kama suna sai da izini, amma kada mu binne darasin tare da shi.

Na san ba kowa zai ji ba. Na san za a tashi daga nan wasu su ce yaron nan na Horo Birni ba shi da ta-ido. Na san ko an fara yau, akwai waɗanda ramin ya riga ya yi nisa a jikinsu, a ɗakunan da ke ƙamshin turare, a garuruwanmu duka. Waɗannan sai dai a rage musu wahala. Amma na Mandera fatarsa ba ta fashe ba, shekaranjiya dai ba ta fashe ba. Yau ban sani ba.

Allah shi jiƙan Malam Sodangi, shi sa abin da ya sha ya zame masa kaffara. Allah shi ba iyalinsa haƙuri, shi saka musu da alheri a kan wannan izini. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Allah shi ƙara wa shugabanninmu lafiya da adalci, shi zaunar da ƙasarmu lafiya, shi mayar da kowa gidansa lafiya. Ranar da ƙarfinmu ya ƙare, Allah shi haɗa mu da hannun da ba zai ji kunyar taɓa mu ba.

Kada wani ya ce Zayyanu ya ƙara gishiri. Ba ni kaɗai na gani ba. Malam Lawali, wanda ya ce in kama bakina, shi ya rako ni nan yau, ga shi can a bayan masu unguwanni. Abdulƙadir ɗan Malam Sodangi, ga shi can tsaye jikin bango, ya ce duk mai shakka ya same shi. Baba Tasi'u kuma, shi bai ga abin da muka gani ba, fatana kada ya gani. Ga shi nan a layin gaba da sandarsa, ya zo jin abin da Liman zai ce. Keken da zai kai ni Mandera yana jingine a bakin ƙofa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.